Madarar Gwangwani da Shanun Wudil

Duk ranar Juma'a karar Wudil kan cika maƙil da shanu, tireloli na lodi zuwa kudu. Amma mai shayin da ke bakin kasuwar ba da nonon shanun nan yake haɗa shayi ba, gwangwanin Peak yake hudawa. A Ikeja ta Legas ake yin madarar, kamfanin da ke yin ta kuwa, FrieslandCampina WAMCO, reshe ne na wani kamfanin ƙasar Holan. Haka Maggi, Nestlé na Suwizalan ke yin sa a jihar Ogun.

Kamfani ya je ƙasar da ba tasa ba ya kafa masana'anta, wannan ba ƙaramar harka ba ce. Ƙididdigar ƙungiyar OECD ta shekarar 2014 ta nuna kamfanonin da ke da rassa a ƙasashe daban-daban su ke samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan da duniya ke samarwa, rassansu na ƙetare kaɗai kuma kimanin kashi 12 cikin 100. Sai dai alƙaluma ba sa faɗin aljihun da kuɗin ya shiga. Shekara da shekaru garin madara ake shigowa da shi daga waje, a dama, a ɗura a gwangwani. A takarda Nijeriya ce ta samar, makiyayi kuwa ko kwabo bai gani ba. Shi ya sa a ganina tambayar ba ta asalin mai kamfani ba ce, ta inda yake sayen kayan aikinsa ce. Babban Bankin Nijeriya ya kama wannan zaren a Fabrairun 2020, da ya taƙaita ba da dalar shigo da madara ga kamfanoni shida masu zuba jari a kiwon gida, kuma a 2023 Arla ta Denmak ta buɗe gonar madara a Damau, jihar Kaduna.

Wani zai ce baƙo raɓa ne: ya kwashe riba, naira na faɗuwa ya tattara komatsansa. Da gaskiyarsa, don a 2023 kamfanonin GSK da Procter & Gamble sun sanar da komawa shigo da kaya. Amma a dubi Aliko Dangote, wanda jami'ar Wudil ke ɗauke da sunansa tun 2022. Yana yin siminti a Mugher ta Habasha, da Mtwara ta Tanzaniya, da Ndola ta Zambiya; can shi ne baƙon. Ba zai yi saurin tashi ba, domin dutsen da yake ƙonawa a ƙarƙashin ƙasarsu yake. Wanda kayan aikinsa ke zuwa ta jirgin ruwa shi ne mai saurin guduwa.

Nono ba ya jiran kowa, cikin sa'o'i kaɗan yake tsami. Muddin babu wurin tara shi mai na'urar sanyaya da wutar da ba ta ɗaukewa kusa da rugagen Wudil, kamfanin madara, na gida ko na waje, zai ci gaba da sayen gari daga ƙetare.