Keke da jar ƙasa: hanyoyin bakin Gulbin Maraɗi

Tun da asubar fari, kafin motocin tasha su fara lodi, masu kekuna sun riga sun kamo hanyar Maraɗi daga garuruwan fadama. Wannan ya ɗaure buhun zogale bayan sirdi, wancan ya labta itace har ya fi kansa tsawo, ga kuma ɗan lakwal yana taka feda don kada ya makara. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki tafiyar nan da sunan wasa, neman abinci ne ya fito da su. Amma a Turai da Amurka, irin waɗannan hanyoyi na jar ƙasa da tsakuwa, masu ratsa daji suna bin gaɓar ruwa, su ne mutane ke biyan kuɗi masu yawa don su hau keke bisansu.

Wasan da ya baro kwalta

Masu wannan wasa suna kiran shi girabel, wato tsakuwa. A shekarar 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jahar Kansas ta Amurka, suka yi tseren kilomita kusan 320 bisa hanyoyin makiyaya. Yau dubban mutane ke zuwa wannan tsere kowace shekara. Ƙungiyar tseren keke ta duniya ta shirya gasarta ta farko a Italiya a 2022, ta 2024 kuwa an yi ta a Beljiyam, daga Halle zuwa Leuven, cikin dazuzzuka da gonaki. A Afirka ma, tun 2021 ake yin tseren kwana 4 a ƙasar Masai Mara ta Kenya.

Abin da ya kore su daga kwalta ba ɓoyayye ba ne: motoci sun yi yawa, haɗari ya yi yawa. Keken da suka ƙera don wannan aiki yana da taya mai faɗin milimita 35 zuwa 50, da birki mai ƙarfi. A cikin tayar ana zuba wani ruwa mai danƙo, wanda ke toshe huda nan take idan ƙaya ta soke ta. Duk wanda tsidau ya taɓa tsayar da shi tsakar rana, nesa da mai faci, ya san darajar wannan dabara.

Daga Maraɗi zuwa tabki

Gulbin Maraɗi ya taso ne daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya wuce Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sa'annan ya koma Nijeriya. Ruwa ba ya gudana cikinsa sai da damina, amma danshin da yake bari shi ke riƙe da fadamar duk shekara. A wannan fadama tsohon birnin Maraɗi yake, har ambaliyar 1945 ta tilasta aka hau tudu.

Mai keken da ya fita Maraɗi ya yi kudu, ya bar kwalta ya gangara fadama, zai fara da garaken mangwaro da gwaba, inda inuwa ke rufe hanya. Gaba kaɗan sai Jiratawa, inda gonakin noman rani suke tun farkon shekarun 1980. Nan hanya tana bin gefen magudanan ruwa, tsakanin fangalan albasa da tumatir da zogale. Ƙasar wurin laka ce: da rani ta bushe ta yi tauri, keke na gudu kamar bisa daɓe, da damina kuwa sai ta kama taya ta ƙi saki.

Inda wuyar take shi ne tsallaka gulbin kansa. Yashi ne mai zurfi, kuma wanda ya shige shi da gudu ya karkata kan keke, ƙasa zai sha. Waɗanda suka saba sukan rage iskar taya kaɗan, su koma baya bisa sirdi, su yi ta takawa ba tsayawa. Idan abin ya faskara, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne. Bisa karauka kuma gargada ce ke jijjiga mutum har hannu ya mutu.

Bayan kamar kilomita 25 daga Maraɗi sai tabkin Madarunfa, da masunta cikin jiragensu, da tsuntsayen ruwa masu zuwa lokacin ɗari. Kewaye da shi akwai kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta. A 2006 Nijar ta gabatar wa UNESCO tabkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take son a sa cikin kayan tarihin duniya, a 2019 kuma tabkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren dausayi.

Inuwar da aka dasa da wadda ake sarewa

Itatuwan da ke yi wa matafiyi inuwa a gonakin tudu ba haka nan suka tsiro ba. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonaki da dama sun zama fili fetal. Daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman jahar Maraɗi suka yaɗa sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture, sai a zaɓi tohonsa mai ƙarfi a raine shi. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta haka a kudancin Nijar. Gawo da kalgo da aduwa da ke bakin hanya, gumin talaka ne.

A dajin Baban Rafi, kudu maso yamma wajen iyaka, labarin ya bambanta. Shi ne rumbun itacen girkin Maraɗi. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara don mutanen ƙauye su riƙa sara da ƙa'ida, su kuma ci moriyar haraji, amma birni na ƙara girma, gonaki na cin gefen daji. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɓarayin daji. Tun wajen 2019 satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suka addabi garuruwan iyaka na gundumomin Madarunfa da Gidan Runji, dubban ƴan gudun hijira kuma suka shigo daga Nijeriya. Mai hankali ba ya nufar wannan daji don shan iska, kuma ko a fadama sai ya tambayi mutanen gari kafin ya yi nisa.

Ribar kowa

Lokacin da ya fi dacewa da wannan tafiya shi ne daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, da sanyin safiya, da gorar ruwa da famfo da kayan faci. Ma'aikacin da ya yini mako guda cikin buro, likita na yi mashi kashedin hawan jini da ciwon suga, ba ya bukatar keken Turai, Phoenix ɗin da ke jingine a zaure ta isa. Zai kuma ga da idonsa halin da hanyoyin da yake sa hannu bisa takardunsu suke ciki.

Ɗan kasuwa ma yana da nashi rabo a zancen. Zogale da albasa da ke kan teburinsa, da yawansu ta waɗannan ƙananan hanyoyi suke fitowa, bisa keke da babur da amalanke. Duk kwalbatin da ruwa ya cinye aka bar shi, sai kuɗin kaya ya hau a kasuwa.

Masai Mara ta samu baƙin keke ne domin akwai hanya, akwai abin kallo, akwai kwanciyar hankali. Gulbin Maraɗi yana da na biyu, na farko yana son gyara, na uku kuwa shi ne babban aikin da ke gaban mahukunta da sarakuna da magadan gari. Kafin a yi zancen baƙi, manomin da ke fita da asuba da buhu bayan sirdi shi ya fi cancanta ya je ya dawo lafiya. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.