Me ke sa marubuci ya riƙa rubuta labarin ɓarayi da masu kisa?

Littafin da ke cike da bindiga da jini ba daga sama yake faɗowa ba. In muka bi sawu, sau da yawa akwai wani tabo a baya, ko na marubucin ko na ƙasarsa.

Mu leƙa Katsina, nan maƙwabtanmu. A 1982 Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Yaƙin basasar Najeriya ya ƙare tun 1970, amma ya bar samari da suka iya harbi, ba su da sana'a. Daga irinsu ya gina Mailoma, wanda ya tara tsofaffin sojoji, ya kafa daular miyagun ƙwayoyi da kashe-kashe. Wanda ya karanta littattafan James Hadley Chase, Baturen Ingila da 'yan makarantar Najeriya suka yi ta rububinsu a lokacin, zai ji ƙamshinsu a ciki: gudu, cin amana, mutuwa ba gargaɗi. Sai dai ciwon na gida ne. A ganinmu shi ya sa littafin bai tsufa ba. Duk mai jin labarin 'yan bindigar da ke addabar iyakar Maradi da Katsina yau, ya san Mailoma ba tatsuniya ba ne.

A shekarar dai aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan attajirin da fasa-ƙwauri ya ɗaukaka. Wannan kam, mu mutanen bakin iyaka ba sai an yi mana bayani ba.

Wani kuwa tabon a jikinsa yake. Chester Himes, baƙar fatar Amurka, an ɗaure shi a 1928 saboda fashi da makami. A kurkuku ya karanta labaran Dashiell Hammett, can kuma ya fara rubutu. Da ya koma Faransa aka ba shi shawarar ya gwada labarin 'yan sanda, ya kuwa ci babbar kyautar wannan fanni a 1958. Shi ko James Ellroy yana ɗan shekara 10 aka kashe mahaifiyarsa, ba a taɓa kama mai laifin ba. Littafin da ya fito da sunansa a 1987, The Black Dahlia, kan wata mace ce da aka kashe a 1947, ita ma har yau ba a gano makashinta ba. Ga mahaifiyar tasa ya sadaukar da shi.