Duba Darasi da Gyara Wajen Horar da Malaman Harsunan Waje



Duk wanda ya taɓa fita gwajin koyarwa ba zai manta da ranar zuwan mai duba ba. Yakan shigo da fayil, ya zauna a bencin baya, ɗalibin malami kuwa gumi na keto masa. In an tashi sai ya ba shi maki, ya ce, "A ƙara ƙoƙari," ya kama hanya. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, irin wannan ziyara hukunci ce kawai, ba ta koya wa malami kome ba. Duban da ke horarwa shi ne wanda yake nuna wa malami ainihin abin da ya gudana a ajinsa.

Wannan magana ta fi shafar malamin harshe. Malamin tarihi yana iya yin bayani na minti 40 yara su ƙaru. Amma harshe sai da furuci yake zama a baki. Saboda haka in malamin Faransanci ko na Larabci ya cinye lokacin shi kaɗai, to, shi ne ya yi darasin, yara sun yi kallo. Gashi kuma ba zai gane haka da kansa ba, domin laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani.

To, me mai duba zai duba? A shekarun 1960 wani masani a Amurka, Ned Flanders, ya kasa maganar aji gida 10: bakwai na malami, biyu na ɗalibai, ɗaya na shiru ko hayaniya. Bayan kowane sakan uku mai duba zai rubuta lambar abin da ke faruwa. Da aka tara lissafi sai aka ga wajen kashi biyu cikin uku na maganar aji daga bakin malami take fitowa. A 1971 Gertrude Moskowitz ta daidaita wannan ma'auni da ajin harsunan waje, ta yadda za a lura har da lokutan da malami yake barin harshen da ake koyo ya koma wanda yara suka riga suka sani.

Abu na biyu shi ne jira. Mary Budd Rowe ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malami kan jira amsa wajen sakan ɗaya ne kurum bayan tambaya, kuma in ya kai sakan uku amsoshi sukan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. A ajin kimiyya ta yi bincikenta. Ina ga yaron da sai ya harhaɗa jimla cikin baƙon harshe kafin ya buɗe baki?

Na uku, yadda ake gyara kuskure. A 1997 Roy Lyster da Leila Ranta sun bi azuzuwan Faransanci a Kanada, suka tarar kashi 55 cikin 100 na gyaran malamai shi ne maimaita jimlar yaro a gyare, alhali kuwa wannan hanya ita ce ta fi ƙarancin sa yaro ya gyara da bakinsa. Malamin da aka ƙidaya masa irin wannan ya sami abin kamawa.

Sa'an nan sai batun mayar da bayani, wanda nan ne aka fi yin ɓarna. Tsarin da Morris Cogan da Robert Goldhammer suka fito da shi daga Jami'ar Harvard ya tanadi a zauna da malami tun kafin darasi a amince da abu ɗaya da za a lura da shi, a duba, sa'an nan a sake zama a tattauna. Alal misali, maimakon "Ba ka kula da 'yan baya," mai duba sai ya ce, "Malam, tambayoyinka 20 ne, 16 sun tafi layin gaba. Yaya ka gani?" Maganar farko gardama take jawowa, ta biyu kuwa tunani. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Haka kuma gyara ba ya zama sai an ba mutum damar sakewa. Wannan ne tushen ƙaramar koyarwa da Dwight Allen da abokan aikinsa suka fara a Jami'ar Stanford a 1963: a koyar da yara kaɗan na 'yan mintoci, a ɗauka a bidiyo, a tattauna, a sake koyarwa. Abin da a da sai da manyan na'urori, yau wayar hannu ta isar.

Daga ƙarshe, roƙona ga jami'an ilimi shi ne a raba ranar ba da maki da ranar gyara, domin wanda ke tsoron faɗuwa ba ya bayyana rauninsa. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sufeto. Ka sa abokinka ya zauna a bayan ajinka da takarda da agogo, gobe kai ma ka zauna a nasa.