Zaɓen Tsirran da Suka Dace da Kududdufin Lambu a Jos

Manoman rani a Jos da Bukuru da Barkin Ladi sun daɗe suna amfani da ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari. Wasu kuma kan haƙa ƙaramin kududdufi a lambunsu don ban-ruwa da kiwon kifi. Amfanin irin wannan kududdufi ya dogara ne ga tsirran da aka bari su zauna a cikinsa.

Tsirran da suka dace

Bado shi ne na farko. Ganyensa yana yi wa ruwa inuwa, yana rage gansakuka, yana kuma ba ƙananan kifaye mafaka. A dasa saiwarsa cikin kwando mai ƙasar laka, a rufe da tsakuwa, a nutsar da shi zurfin santimita 30 zuwa 60, a inda rana ke samunsa aƙalla awa 6. A gefen kududdufin kuwa a shuka jema, domin saiwarta tana riƙe ƙasa, ta hana zaizaya.

Lokacin dashe

Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka sanyin Disamba da Janairu yakan tsayar da girman tsirran ruwa. A jira watan Afrilu ko Mayu, farkon damina. Kada a haƙa kududdufi kusa da itatuwan turare, saboda ganyen da suke zubarwa yana ruɓewa a ruwa.

Waɗanda za a guje wa

Kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta jawo wa manoma da masunta asara. Haka ma kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta ɓulla a ruwan Badagry a 1984. Kyan furenta kada ya ruɗi manomi. Kainuwar gida ma sai an riƙa kwashe ta, don tana tara sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya.

Shawara ga malaman gona

A faɗakar da manoma kada ganye ya rufe fiye da rabin fuskar ruwa. Da dare tsirrai ma suna shan iskar da kifi ke bukata. In aka ga kifaye suna taso da baki sama da asuba, a rage ciyawar a ranar, a zuba ta ramin taki, sannan a ƙara sabon ruwa.