Daga tiya zuwa kilo: hanyar sauƙaƙe aikin lissafi a birorin Maraɗi

Ran Litinin da ran Juma'a babbar kasuwar Maraɗi take ci. A cikin masu shiga kasuwa akwai waɗanda ba saye ya kawo su ba, ba kuma sayarwa ba. Aikinsu su tambayi kuɗin hatsi, da dawa, da masara, da wake, su rubuta. Tun wajen 1990 ma'aikatar lura da farashin kasuwannin cimaka, wadda aka sani da SIMA, take tattara irin wannan labari daga kasuwannin Nijar, domin hukuma ta san inda abinci ya fara tsada tun kafin yunwa ta shiga gidaje. Mutanen jihar Maraɗi sun san amfanin wannan: bayan fari da farin ɗango na 2004, kuɗin buhun hatsi ya yi tashin da ba a saba gani ba a daminar 2005, asibitocin yara masu tamowa suka cika.

To, amma rubutawa a kasuwa rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin biro, kuma nan ne wahalar take.

Mai sayar da hatsi a Tibiri ba ya awo da kilo, da tiya yake awo. Ba ya kuma faɗin kuɗi da sefa, da dala yake faɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Tiyar hatsi tana kai wajen kilo 2 da rabi, watau tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Alal misali, in aka ce tiya dala 120, sefa 600 ke nan, kilo ɗaya ya tashi sefa 240. Amma in akawu ya manta ya ɗauki 120 ɗin a matsayin sefa, sai takarda ta nuna kilo sefa 48. Wanda ya karanta ta a Yamai zai ce Tibiri tana cikin ƙoshi, alhali kuwa magidanta suna rage tukunya.

Ga kuma maganar sunaye. Gari ɗaya ne, amma wani ya rubuta Djiratawa, wani Djirataoua, wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya rubuta Jiratawa. Mutum ya san abu guda ne, kwamfuta kuwa sai ta ƙirga gari uku. Tibiri ma biyu ce: akwai ta Gobir, mazaunin Sarkin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, akwai kuma ta jihar Doso. In ba a raba su ba, sai a gwama kuɗin hatsin wurare biyu masu nisa da juna.

Irin wannan aiki masana kwamfuta suna yin shi dami-dami. Kamar yadda manomi ba ya kai zangarniya ɗai-ɗai rumbu, sai ya tara ya ɗaure dami, haka ake tara takardun mako ko na wata, a ba na'ura gaba ɗaya, ta bi su layi-layi ba tare da wani ya tsaya a kanta ba. Dabarar tsohuwa ce. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 an yi amfani da katuna masu huji na Herman Hollerith, ana zuba su cikin na'ura jere-jere. Ƙidayar Nijar ta 1977, da ta 1988, da ta 2001, da ta 2012 wadda ta sami mutum 3,402,094 a jihar Maraɗi, duk sai da aka tara takardu aka tace su kafin a fitar da adadi.

Abin lura shi ne, ko farashin hatsi ne, ko ƙidaya, ko rajistar asibiti, matakan ba sa canzawa. A karanta layi, a duba ko yana da lafiya, a juya shi zuwa awo ɗaya, a rubuta shi inda ake so, a ƙarshe a ba da rahoto. Mai rubuta wa kwamfuta umurni yakan sake gina waɗannan matakai tun daga tushe duk lokacin da sabon aiki ya zo, kuma mafi yawan lokacinsa yana tafiya wajen buɗe fayil, da rufe shi, da tanadin abin da za a yi in aiki ya tsaya a tsakiya. Shi ya sa aka ƙera abin da za a iya kira tsaiko, kamar tsaikon ɗaki da ake sayowa a ɗaure, mai gida ya baibaye da shuci nasa. Akwai manya irin su Spring Batch, waɗanda aka yi domin bankuna da manyan kamfanoni. Akwai kuma marasa nauyi irin su Easy Batch na harshen Java, wanda Mahmoud Ben Hassine ya rubuta. Masu aiki da harshen Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991, sukan yi irin wannan aiki da pandas. Dukansu kyauta ake samun su.

Ga biro irin na Maraɗi, maras nauyin ya fi dacewa. Yana tafiya a kan kwamfuta ɗaya, ba ya bukatar intanet sa'ad da yake aiki, kuma ma'aikaci guda zai iya karanta shi duka ya gane. Abin da zai rubuta da hannunsa kaɗan ne: a ninka dala sau 5, a raba kuɗin tiya da nauyinta, a mai da kowane irin rubutun suna zuwa lamba ɗaya ta garin. Haka nan zai yi amfani a gonakin rani na Jiratawa, masu faɗin hekta sama da 500, inda ƙungiyoyin manoma ke lissafa kuɗin ruwan kowace gona a ƙarshen kowane noma.

Wuri mafi muhimmanci a cikin tsaikon shi ne inda ake ajiye layukan da aka ƙi karɓa. In farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai, ko ya haura abin da hankali zai ɗauka, ko aka bar gurbin kwanan wata fayau, na'ura ba ta jefar da layin, ba ta kuma gyara shi da ka. Sai ta ware shi gefe, ta rubuta dalili, ta ci gaba da sauran. Rahoton ƙarshe ya nuna layi nawa aka karanta, nawa aka karɓa, nawa aka ware. Shugaban biro da ya sa hannu bai dubi wannan adadi na uku ba, bai san abin da ya aika Yamai ba.

Layukan da aka ware kuwa wajen mutumin da ya rubuta su a kasuwa za su koma, domin shi kaɗai ya san ko dala ya ji ko sefa. Ita ma tiyar ba ɗaya ba ce a ko'ina: wata ta fi wata zurfi, wani mai awo yana yi mata tozo, wani yana sharewa, kuma tiyar wake ba nauyinta ɗaya da ta hatsi ba. Saboda haka sai an je da sikeli kasuwar Maraɗi, da ta Tibiri, da ta Jiratawa, an auna tiyar kowace, a rubuta nauyin cikin jadawalin da na'ura take dubawa, a kuma sake aunawa da kaka da bazara.