Kwamfutar da ba ta kwanta ciwo ba ma tana yaɗa cuta

Shagunan 'yan uwanmu a New Bell, daga Marché Central zuwa Marché Congo da Nkololoun, sun wuce zamanin littafin bashi kaɗai. Za ka tarar da kwamfutar lissafi mai Windows, ga MacBook na ɗan maigida, ga wata tsohuwa mai Linux da ake adana takardu a ciki, ga wayoyin yaran shago, duk a kan wifi ɗaya. Ni da gyaran kwamfuta ne sana'ata, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, dole ne kowacce sai an sa mata antibayros?"

Amsata ita ce e, kowacce na buƙatar kariya, amma ba lallai sai an kashe kuɗi ba.

Gaskiya ne yawancin ƙwayoyin cutar kwamfuta Windows suke nufi. Sai dai Mac da Linux suna iya karɓar takarda mai cuta ta imel ko ta filash ɗin da aka kai shagon buga takardu. Su ba abin da zai same su, amma za su miƙa ta ga kwamfutar lissafi. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ku tuna kamfanin Maersk, wanda muke ganin kwantenoninsa a tashar jiragen ruwa ta Douala. A watan Yunin 2017, cutar NotPetya ta shige shi ta wata manhajar lissafi a Yukiren, ta bi hanyar sadarwarsa ta cikin gida. Sai da ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci kusan 45,000, asararsa ta doshi dala miliyan 300. To, ina ga mai shago ɗaya da duk sunayen masu bashinsa ke cikin na'ura guda?

Ga abin da nake gaya wa Alhazanmu. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender kyauta, a bar shi a kunne yana sabunta kansa. Amma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025, don haka a fara shirin canji. Linux da ake tara takardu a sa mata ClamAV, shi ma kyauta ne, ya riƙa tace abin da ke shigowa. Mac da wayoyi a riƙa sabunta su, kada a sauke manhaja daga ko'ina.

A guji antibayros na sata da ake ɗorawa a kan jaka ɗaya ko biyu, sau da yawa shi ne ɓarawon. A ware wa baƙi wifi nasu daban. Duk Juma'a kuma a kwafe lissafi a wani faifai, a cire shi, a tafi da shi gida. Dukiyar nan ba ta maigida kaɗai ba ce, har da amanar mutane a ciki.