Yadda manhajojin lissafi na kyauta suka koma aiki a gajimare

Ka buɗe Python ka ninka √2 da √2, amsar da za ta ba ka ita ce 2.0000000000000004. Ka ba SymPy wannan aikin, sai ta ce 2, cif. Bambancin shi ne SymPy ba kintace take yi da lambobi ba, tana sarrafa alamomin ne kamar yadda malamin lissafi yake yi a kan allo. Ka ba ta x² − 1 ta warware maka shi zuwa (x − 1)(x + 1). Irin waɗannan su ake kira manhajojin aljebra.

Shekaru da dama Mathematica da Maple da Magma ne ke riƙe da wannan fanni, kuma dukkansu na kuɗi ne, ba a ganin kod ɗinsu. Wannan ya sa William Stein, wani masanin lissafi a Amurka, ya fitar da SageMath a 2005. Ya tattaro tsofaffin manhajoji na kyauta irin su GAP da PARI/GP da Maxima da Singular, ya ɗaure su da Python. Wannan tattarowar ce ƙarfin Sage, ita ce kuma nauyinta. Mai son gyara wani abu a cikinta sai ya fara gina ta daga tushe a kan kwamfutarsa, aikin da ke cin sa'o'i da sarari mai yawa. Ga wanda laftof ɗinsa tsohuwa ce, batirin ba ya riƙe caji, wuta kuma ba ta da tabbas, nan ake tsayawa tun ba a fara ba.

A nan gajimare ya shigo, wato manyan kwamfutocin wani kamfani da kake aiki da su ta intanet. A 2013 Stein ya buɗe SageMathCloud, wadda aka sauya wa suna zuwa CoCalc a 2017. Sage na nan a girke, burauza kawai kake buƙata. Mutum biyu ko goma za su iya rubutu a cikin takardar Jupyter guda a lokaci ɗaya, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke yi, kuma TimeTravel na ajiye kowane sauyi, ana iya komawa baya a ga inda lissafi ya karkace.

Ga mai son taɓa kod ɗin kansa, GitHub Codespaces ya fi dacewa a ganina. Asusun kyauta na samun sa'o'i 60 a wata a kan ƙaramar na'ura, wanda ya isa aiki a kan SymPy tunda Python ce zalla. Idan wuta ta ɗauke, fayilolinka na can inda ka bar su. Sai dai a kula: na'urar kan yi barci bayan minti 30 ba a taɓa ta ba, kuma wadda aka yi watsi da ita kwana 30 ana goge ta, don haka ka riƙa tura aikinka kafin ka tashi.

Da ka tura gyara, GitHub Actions ne ke gudanar da dubban gwaje-gwaje a madadinka. A Sage ƙa'ida ce kowane aiki da ka rubuta ya zo da misali a cikin bayaninsa, kuma misalin nan ana gwada shi. Bayan na'ura sai mutum: wani ɗan sa-kai zai karanta, ya ce gyara nan, sake can. Wannan matakin gajimare bai rage masa tsawo ba, gyara na iya yin makonni yana jiran mai dubawa.

Akwai kuma abin da har yanzu ke damun wasu. Sage ta daɗe tana amfani da Trac, tsarin da take gudanarwa da kanta. A Fabrairun 2023, bayan doguwar muhawara da ƙuri'a, ta kwashe batutuwa sama da 30,000 ta koma GitHub, mallakar Microsoft tun 2018, dandalin da shi kansa kod ɗinsa a rufe yake. Masu adawa sun ce manhajar da aka kafa don guje wa rufaffun kamfanoni ta miƙa gidanta ga ɗaya daga cikinsu. Suna da hujja, domin sa'o'in kyauta na yau kamfani na iya rage su gobe. Amma ni ina tare da waɗanda suka zaɓi ƙaurar: kod ɗin na cikin Git, kowane mai aiki na da cikakken kwafinsa, kuma sabbin masu koyo a GitHub suke.

Mai son farawa ya duba batutuwan SymPy masu alamar "Easy to Fix". Tun 2007 SymPy ke shiga Google Summer of Code, kuma sharaɗinta ga mai nema shi ne ya riga ya tura gyara aƙalla ɗaya.